Baƙon Tsiro a Gindin Katanga: Yadda Ake Gano Furen da Ba a Sani Ba





An nemi in yi magana a kan abin da wani zai ga bai taka kara ya karya ba: fure ya fito a gidanka, ba kai ka shuka ba, ba ka san sunansa ba, ta yaya za ka gane shi? Ni a wurina maganar babba ce. A cikin tsirran da ke tofowa a gidajenmu akwai na ado, akwai na magani, akwai wanda in yaro ya ci guntunsa sai an kwana a asibiti, wani lokaci ma duka ukun a jikin tsiro guda suke. Wanda bai san sunan tsiro ba, bai san a wane rukuni zai sa shi ba.

Tsiron da nake nufi shi ne mai komowa. Gero da wake damina ɗaya suke yi, su ba da iri, su mutu. Amma akwai waɗanda in kaka ta yi sai ganye ya bushe, kara ya kwanta, kowa ya ɗauka sun tafi ke nan, alhali ransu yana ƙarƙashin ƙasa, a cikin albasa, ko doya, ko saiwa mai kauri. Da an yi ruwan fari sai su ɗago kai a daidai inda suka tsaya bara. Wannan hali nasu shi ke sa su zama baƙi a gida. Mutum ya kama haya da rani a tsofaffin unguwannin ma'aikata na Zariya ko Kaduna ko Jos, ko Nasarawa a Kano, ya tarar da tsakar gida fetal. Damina ta sauka, sai ga abubuwa suna fitowa a layi. Wanda ya shuka su ya daɗe da tashi. Wani tsiron kuma a cikin ƙasar cike yake zuwa, wadda tifa ta ɗebo daga daji ta juye a ƙofar gida, wani a cikin taki, wani tsuntsu ne ya yar da irinsa.

Bari in ɗauki tsiro guda mu bi shi daga farko har ƙarshe, don hanyar ta fi fitowa fili.

Wata malamar firamare a Zariya ta kawo mini hoto a wayarta. Wani siririn yaɗo ne a gindin katanga, bayan ɗakin girki, ganye kawai, babu fure. Ta ce, "Malam, bara na tuge shi, bana ga shi ya dawo. Maƙwabciyata ta ce doyar daji ce, wai har ana ci." Na ce, "Malama, kada ki tuge, kada kuma kowa ya ci. Ki kafa masa kara ya hau, ki hana yara zuwa wurin, mu jira fure."

Jiran nan shi ne rabin aikin, kuma shi ne abin da ya fi yi wa mutane wuya. Ganye yana ruɗi. Tsirrai da yawa da ba su haɗa dangi ba ganyensu iri ɗaya ne, kuma tsiro guda yakan sake kamannin ganye gwargwadon inuwa da ruwan da ya samu. Fure da ɗa su ne ba su cika sakewa ba, shi ya sa masana suka gina rabon tsirrai a kansu. Duk da haka, kafin fure ya zo, ganye yana da labarin da zai bayar in an dube shi da kyau.

A ɗaga ganye a hasken rana a dubi jijiyoyinsa. In sun miƙe a jere daga gindi zuwa baki, ba su sarƙe ba, yadda suke a ganyen dawa da masara, to galibi tsiron yana ɓangaren su albasa da ciyawa ne, kuma in ya yi fure za a ga sassansa uku-uku ko shida-shida. In jijiyoyin sun yi rassa sun sarƙe, yadda suke a ganyen kuɓewa da yakuwa, galibi furen huɗu-huɗu ne ko biyar-biyar. Na ce galibi, domin doya kanta tana ɓangaren farko amma jijiyoyin ganyenta a sarƙe suke. To ganyen yaɗon malamar nan jijiyoyinsa a miƙe suke, siriri ne mai tsini, ba shi da mariƙi, a jikin kara yake zaune kai tsaye. Wannan kaɗai ya isa a yi shakkar maganar maƙwabciya, don ganyen doya yana da mariƙi dogo.

Sai kuma wani abu da hoton bai nuna sosai ba, sai da na je na gani da idona. Bakin kowane ganye ya zarce ya zama siririn zare, ya murɗe ya kama karan da aka kafa. Wato da bakin ganyensa yake hawa. Duma da kabewa zaren hawansu daban yake fitowa a gefen ganye, doya kuma karanta ne ke naɗewa. Tsirran da ke hawa da bakin ganye kaɗan ne a ƙasarmu. Alama irin wannan, wadda ba kowa ke da ita ba, ta fi alamu goma na gama-gari amfani.

Akwai sauran abubuwan dubawa da zan ambata a gurguje. Yadda ganye ya jeru a kara, ɗaya-ɗaya ko biyu suna fuskantar juna ko uku a gaɓa guda. Ko karan zagaye ne ko mai kusurwa huɗu. Ko in an karya ganye yana fid da farin ruwa irin na tumfafiya da tinya. Ko yana da ƙanshi in an murza. Wanda ya murza ya wanke hannu, kada ya kai ido. Harshe kuwa ba ya cikin kayan bincike. Ina roƙonku da Allah, kada a ɗanɗana tsiron da ba a sani ba, komai ƙanƙantar abin.

Da damina ta yi tsakiya sai furen ya buɗe. A nan ina so in ɗan tsaya, saboda yadda ake karanta fure shi ne abin da nake fatan kowa ya tafi da shi gida.

Furen yana rataye ne a dogon mariƙi, fuskarsa tana kallon ƙasa. Ganyen furen shida ne, sirara, gefensu a cukurkuɗe, kuma maimakon su buɗe gaba sai suka juya baya suka miƙe sama. Ranar da ya buɗe launinsa kore-kore ne mai rawaya, bayan kwana kaɗan gindin ya zama rawaya baki ya yi ja, da ya tsufa sai ja ya cinye shi duka. Wanda ya ɗauki hoto ranar farko da wanda ya ɗauka ranar ƙarshe za su yi gardama, alhali fure ɗaya suka gani. Shi ya sa launi ba hujja ba ne shi kaɗai. A ƙarƙashin ganyen furen akwai zare shida masu ɗauke da garin barbara, sun bazu ko'ina. A tsakiya akwai koren ƙulli wanda zai zama ɗa, sandar macen da ta fito daga jikinsa kuma ba ta miƙe ba, sai ta karye gefe tun daga gindi, bakinta ya rabu uku. Shida, shida, uku: lissafin ya yi daidai da abin da jijiyoyin ganye suka faɗa tun farko.

Da muka tona gefe a hankali, da leda a hannu, sai ga abin da ke ƙasa: doya siririya, fara a ciki, ɓawonta ja-ja marar kauri, ta rabu biyu ta yi gwiwa kamar ƙotar gatari. Tana da saurin karyewa, kuma daga bakin kowane reshe sabon tsiro ke fita. Abin da ya sa tugewar bara ba ta yi komai ba ke nan: kara aka cire, doyar tana nan.

Wannan tsiro shi ne wanda masana ke kira Gloriosa superba, sunan da Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, ya ba shi a shekarar 1753. A Hausa an rubuta masa sunaye fiye da ɗaya, daga ciki akwai baurairai da gatarin kurege. Ɗan ƙasa ne, yana fitowa a dazukanmu, yana kuma fitowa a sassa da yawa na Afirka da kudancin Asiya. Shi ne furen ƙasa na Zimbabuwe, kuma furen jihar Tamil Nadu a Indiya, inda ake nomansa a gonaki don irinsa. Abin da ake nema a irin shi ne sinadarin kolcisin, wanda likitoci ke ba masu ciwon gawut, wato kumburin gaɓoɓin nan mai zafi da ya fi kama babban yatsan ƙafa. To sinadarin nan da ke magani a ɗan ƙanƙanin awo, shi ne dafi in ya wuce awon, kuma tazarar da ke tsakani kaɗan ce ƙwarai. Yana cikin ko'ina na tsiron, ya fi yawa a doyar da iri. Aikinsa shi ne hana ƙwayoyin halittar jiki rabuwa, saboda haka yakan fara da wuraren da jiki ke sabunta kansa da sauri: hanji, ɓargo, da gashi. Wanda ya ci, bayan 'yan sa'o'i zai ji baki da maƙogwaro suna zafi, sai amai da gudawa. Abin tsoron shi ne yakan ɗan lafa, a ce an samu sauƙi, alhali ɓarnar tana ci gaba a ƙoda da hanta da jini. Wanda ya tsira, bayan mako ɗaya ko biyu gashin kansa yakan zube. A Siri Lanka da Indiya likitoci sun sha karɓar mutanen da suka dafa doyar nan suka ci bisa zaton doya ce ko dankali. Har yau babu takamaiman makarinsa a asibitoci, sai dai a tallafi jiki har dafin ya fita.

Ku auna wannan da maganar maƙwabciya, wadda ba da mugunta ta faɗa ba. Ta ga yaɗo, ta ji an ce akwai doya a ƙasa, sai ta haɗa. Kama da wane ba ta wane.

Ba kowane baƙon tsiro ne zai zo da alama bayyananna haka ba. Waɗanda suka fi rikita mutane su ne masu albasa a ƙasa. Da ruwan fari, a fadamu da tsofaffin gidaje, albasar kwaɗi takan fito: ganye dogo mai faɗi, sanda guda a tsakiya, a kanta furanni farare manya, wasu da jan layi a tsakiyar kowane ganyen fure. Masana suna kiran gidansu Crinum, kuma sunan nan na Hausa ba iri ɗaya kaɗai yake rufewa ba. Akwai kuma wata mai kama da ita da aka kawo daga Kudancin Amurka, Hippeastrum, wadda ake shukawa don ado, furenta ja ko ruwan lemo, takan yi fure da rani. In furen ya ruɗe ka, yanke sandar ka duba: ta Hippeastrum rami ne a cikinta, ta albasar kwaɗi a cike take. Dukansu ƙullin ɗansu yana bayan fure ne, a ƙarƙashin inda ganyen furen ya soma, saɓanin baurairai da ƙullinsa ke cikin furen. Kuma dukansu albasarsu ba ta warin albasa, ba kuma ta ci ba ce, tana sa amai mai tsanani.

Lokacin fure ma shaida ne. Rawaya, wadda wasu ke ce wa balagande, da rani take fure, sau da yawa bayan wutar daji: furanni rawaya manya kwance a ƙasa, babu ganye ko ɗaya, sai damina ganyen ke fitowa. Wanda ya ga furen da rani, ya ga ganyen da damina, ba zai yarda tsiro ɗaya ba ne sai ya kafa alama a wurin. Ƙariya ma haka take, da rani take cika da fure tana tsirara, ga gindi a kumbure, ga ruwan jikinta da ke taɓa zuciya, har ana sa shi a dafin kibiya a wasu sassan Afirka. Yau ita ce a tukwanen ado a ƙofar gidajen masu hali, yara suna wasa a gefenta.

To in ka tara alamun nan, wa za ka tambaya?

Ka fara da na kusa: tsofaffi, makiyaya, mafarauta, 'yar mai ganye a kasuwa, da masu sayar da shuke-shuken ado a bakin titi. Makiyayi ya san abin da dabba ke ci da abin da take gudu, sanin da babu shi a littafi. Amma tambayar tana da ladabi. Ka kai tsiron kansa, da fure da ganye, kada ka tsaya a kwatance. Kada ka fara faɗin sunan da kake zato, domin mutanenmu suna da kara, in ka ce "Baba, wannan ba kaza ba ne?" sai ya ce shi ne don kada ya kunyata ka. Ka ce, "Baba, me kuke ce wa wannan a nan?" Sannan ka tambayi mutum na biyu da na uku, kowa daban, ka rubuta garin kowa. Sunan Sakkwato ba lalle ne ya zama na Katsina ko Damagaram ba, kuma suna guda yakan hau kan tsirrai biyu da ɗaya magani ne ɗaya guba.

Wannan ne dalilin da ya sa ake bukatar sunan kimiyya a gefen na Hausa. Ban yarda da masu cewa ɗaya ya wadatar ba. Sunan Hausa shi ke buɗe maka abin da kakanni suka sani, sunan kimiyya shi ke buɗe abin da aka gano a Indiya ko Ingila game da tsiron nan na bayan ɗakinka. An daɗe da fara haɗa su. Wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, ya yi aiki a Arewa tun daga 1905, yana tara tsirrai yana tambayar sunayensu, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Shi da John Hutchinson suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, ya kuma fitar da na amfanin tsirrai a 1937. Da sunansa ake kiran itacen hano a kimiyyance, Boswellia dalzielii. A 1980 Z. O. Gbile na cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan ya fitar da nasa jerin sunayen Hausa. Duk wannan ilimi daga bakin manoma da masu magani aka ɗebo shi. Abin da ke damuna shi ne yau yaronmu yana gama sakandare bai iya kiran sunan tsiro goma na unguwarsu ba, kuma tsofaffin da suka sani suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Na san matasa suna jira in zo kan waya. Akwai manhajoji irin su Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka ƙirƙira, da iNaturalist, da Google Lens. Ku yi amfani da su, suna taimakawa. Fure irin na baurairai za su gane shi nan take, don hotunansa sun cika duniya. Amma manhaja daga hotunan da aka ɗora mata take koyo, kuma mafi yawansu daga Turai da Amurka suka fito. Ka nuna mata ganyen wani tsiron dajin Bauci, sai ta ba ka sunan wanda ya fi kama da shi a cikin waɗanda ta sani. Abin da ta faɗa zato ne, sai ka koma ka gwada shi da alamun da ka tara: adadin ganyen fure, jerin ganye, abin da ke ƙasa. In ɗaya ya saɓa, sunan bai tabbata ba. Hoton ma ya zama da yawa: tsiron gaba ɗaya, ganye sama da ƙasa, fure ta gaba da ta gefe, ɗa in akwai, da biro a kusa don a gane girma.

Inda magana ke yankewa shi ne ma'ajiyar busassun tsirrai. Akwai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai a Jami'ar Bayero ta Kano, akwai a cibiyar binciken magunguna ta Idu a Abuja, babbarsu kuma tana Ibadan. Can ake ɗora tsironka kusa da wanda aka riga aka tabbatar, a gwada. Shirya samfurin ba shi da wuya. Ka yanko reshe mai ganye da fure, ka shimfiɗa shi a cikin tsohuwar jarida, ka juya ganye ɗaya ya nuna bayansa, ka sa kwali sama da ƙasa, ka danne da abu mai nauyi. Da damina sai ana sake jaridar kullum, in ba haka ba ya yi fumfuna. Ka haɗa da takarda mai ɗauke da gari, kwanan wata, tsawon tsiron, launin fure tun yana ɗanye, da sunan da aka gaya maka. Samfurin da ba shi da wannan takarda amfaninsa kaɗan ne.

In suna ya tabbata, hukunci naka ne. Ni ba na cewa a tuge duk tsiro mai dafi. Baurairai yana cikin furanni mafi kyau da Allah ya yi a ƙasar nan, a Turai kuɗi ake sawa a sayi doyarsa. Gidan da babu ƙananan yara da dabbobi, a bar shi a kafa masa abin hawa. Gidan da akwai masu rarrafe da awaki, a haƙe shi da leda a hannu, a tabbatar an kwashe doyar duka, a ƙone ta ko a binne da zurfi, kada a watsa a juji.

Iyayenmu mata, da ku zan rufe, don ku ne a gida lokacin da abin ke faruwa. In yaro ya ci wani tsiro da ba a sani ba, kada a tsaya ba shi manja ko madara a zauna ana jiran a ga abin da zai biyo baya. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take ko da yana wasa, a tafi da tsiron, ganye da fure da abin da ke ƙasa, a nuna wa likita. Sauranmu kuma, kowa in ya koma gida yau ya zagaya bayan ɗakinsa, ya ga abin da bai san sunansa ba, ya kafa masa alama, ya fara tambaya tun tsofaffin unguwa suna nan.